Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Jirgin Fiba, a Ɗora Shi a Tirela, a Kai Shi Ruwa

Jirgin da na koyi wannan aiki a kansa, a bayan wani gida na tsince shi a Kano, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ruwan damina ya taru a cikinsa ya bushe, ya sake taruwa ya bushe, har ganyen da ke zuba ya zama taki. Ƙaramin jirgin shaƙatawa ne na fiba, tsawonsa mita 4 da rabi, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 maƙale a bayansa. Tirelarsa kuwa, wato amalanken ƙarfen da ake ɗora shi a kai mota ta ja, tayoyinta sun sace sun nutse cikin ƙasa.

Abin da na fara saya fenti ne, shuɗi da fari. Da na ɗauko wani dattijon makanikin injin jirgi ya duba mini, ko kallon gwangwanayen bai yi ba. Ya zagaya baya, ya kama ƙafar injin ya ɗaga ya danna, sai ga allon bayan jirgin yana lanƙwasa kamar kwali. Ya ce, "Alhaji, ajiye fentin nan tukuna." Wata biyar fentin ya yi a ajiye. Tsarin da zan bi a nan shi ne wanda ya ɗora ni a kai: a fara da abin da ido ba ya gani, katakon da ke cikin fiba, robar da ke cikin inji, boris ɗin da ke cikin taya.

Mataki na farko: wanki da bincike

Kwashe komai daga ciki. Kujeru, tanki, tsofaffin wayoyi, kafet idan akwai. Wanke shi da omo da burushi ciki da waje, ka ɗaga hancinsa sama, ka cire toshiyar ramin da ke ƙasan baya, ka bar ruwa ya tsiyaye. Ka lura da abin da ke fitowa. Idan ruwan ya yi kalar shayi, ko yana ɗauke da ɓarɓashin katako, akwai ruɓa a ciki.

Daga nan ka ɗauki ƙotar sukundireba ko ƙaramar guduma ta roba ka bi jikin jirgin kana ƙwanƙwasawa, taƙi bayan taƙi. Lafiyayyar fiba tana amsawa da ƙara mai kaifi, kas-kas. Inda ta rabu da katakon da ke bayanta, ko ruwa ya shiga, sai ka ji buf-buf, kamar kana dukan kabewa. Duk inda ka ji haka ka zagaye shi da alli. Ka shiga ciki ka taka daɓen da ƙafa ɗaya, lungu-lungu. Inda ya lotsa, shi ma alli.

Allon baya, wato inda ake ɗaura inji, shi ne mai yanke hukunci. A yawancin ƙananan jirage filawud ne aka lulluɓe da fiba ciki da waje. Ruwa yana shiga ta ramukan noti, ya zauna shekara da shekaru yana cin katakon, waje kuma yana nan sumul. Ka ɗauki injin huda da siririn baki, ka huda daga ciki wuri uku ko huɗu, musamman kusa da ƙasa da kusa da notukan inji, ba tare da ka ɓulla waje ba. Dubi garin da ya fito. Fari busasshe, alhamdu lillahi, sai ka cike ramukan. Baƙi mai danshi wanda in ka murza yake dunƙulewa, to allon ya tashi aiki.

Wani abu da mutane ke mantawa: ƙarƙashin daɓe ana zuba soso mai tauri wanda ke hana jirgi nutsewa ko da ya cika da ruwa. Idan wannan soson ya sha ruwa ba ya bushewa, sai dai a haƙe shi a zubar. Alamarsa nauyi. Jirgin da ya kamata mutum huɗu su ɗaga, in ka ga shida suna nishi, ka san yana ɗauke da ruwa a cikinsa.

Bushewa ba a yi mata gaggawa. Rezin, wato ruwan gam ɗin da ake jiƙa zaren fiba da shi ya daskare ya yi tauri, ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Mu a nan arewa muna da sa'a, hunturu na yi mana wannan aiki kyauta: ka buɗe wuraren da suka jiƙe a Nuwamba ko Disamba, ka bar iska ta yi sati uku ko huɗu tana ratsawa.

Mataki na biyu: sauya allon baya

Wannan shi ne aikin da ya fi cin rai, kuma shi ne wanda ba a yi masa ha'inci, domin injin doki 40 yana da nauyin kusan kilo 70, ga ƙarfin turawarsa, duk a wuyan wannan allo.

Sauke injin tukuna. Yanka fatar fiba ta ciki da injin gurza, ka bar ta waje yadda take, saboda ita ce ke riƙe da siffar jirgin kuma gyaranta ya fi wuya. Ka bar kamar yatsa uku na tsohuwar fatar a gefe-gefe. Sai ka ɗauki kurfi da guduma ka sassaƙe ruɓaɓɓen katakon kaf, har ka isa bayan fatar waje. Wani wurin da hannu ma za ka kwashe shi kamar dusa, wani wurin kuma zai yi maka gardama. Goge wurin da samfefa mai kaushi, lamba 36 ko 40, har ya yi fes.

Yanki kwali ka fitar da siffar wurin daidai, ka ɗora a kan filawud ka zana. Filawud na ruwa ake nema, wanda gam ɗinsa ba ya saki in ya jiƙe. Idan kana shakka a kan wanda aka sayar maka, yanki ɗan guntu ka tafasa shi a tukunya na awa biyu; in ɓawonsa ya ɗaɗɗaye, na kabad ne, mayar musu. Falle biyu masu kaurin milimita 18 ake haɗawa da gam, su ba ka kaurin da maƙallan inji za su kama. Kafin ka saka shi, shafe shi da rezin gaba da baya, ka fi ba gefunan muhimmanci, domin ta nan katako ke shan ruwa.

Wajen manna shi da fatar waje, ifoksi ya fi, wato wani irin rezin mai haɗi biyu da ke kamawa sosai. Ka kwaɓa shi da garin cikawa har ya yi kaurin man gyaɗa, ka shafa da yawa, ka danna allon, ka matse da kilam ko da notuka da katakai ta ramukan da ke akwai, har ka ga gam yana tsattsafowa ta gefe. Bar shi ya kwana. Washegari ka cike kusurwoyin da kwaɓin ka lanƙwasa su da bayan cokali, saboda ƙyallen fiba ba ya kwanciya a kusurwa mai kaifi. Sannan ka lulluɓe da ƙyalle falle uku zuwa huɗu, kowane falle ya zarce na ƙasansa, ya hau gefen jirgin da ƙasansa da santimita 10 zuwa 15. Wannan zarcewar ita ce ke ɗaure allon da sauran jiki.

Ramukan noti kuwa ga dabararsu: ka huda ramin ya fi notin faɗi, ka cike shi da ifoksi, in ya daskare ka sake huda daidai girman notin a tsakiya. Ko ruwa ya bi jikin notin, ifoksi zai tarar, ba katako ba. Notukan su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Silikon ɗin da ake sa wa tagogi da bahon wanka ba na nan ba ne; nemi gam ɗin foliyuretan na jirgi.

Mataki na uku: facin huda da tsaga

Kayan aikin: rezin na foliyesta da ruwan da ke daskarar da shi, wanda masu aikin ke kira hadina, tabarmar fiba mai nauyin giram 300 ko 450 a kowace murabba'in mita, asiton (ruwan goge maiƙo da wanke rezin), burushi mai arha, ƙaramar rolar ƙarfe, sirinji, da robobin kwaɓi. Masu gyaran bambar mota da masu facin tankin ruwa sun san inda ake sayar da su. Ka haɗa da takunkumi na kirki, tabarau da safar hannu. Ƙurar fiba tana shiga fata ta hana barci don ƙaiƙayi, huhu kuwa ba a ma magana. Hadina in ta faɗa ido tana iya makantarwa, don haka ka ajiye butar ruwa kusa da kai.

Ƙaramar tsaga mai kama da saƙar gizo a saman fenti yawanci a jelkot ta tsaya, wato fatar nan mai sheƙi ta waje. Buɗa ta kaɗan ka cike. Wadda ta ratsa jiki ita ce abin magana. Ka yanke duk wurin da ya farfashe ya yi fari har ka isa lafiyayyen jiki. Sannan ka gurje bakin ramin a kwance, ba a tsaye ba: faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin sau 12. Jiki mai kaurin milimita 5 ke nan yana son gangaren santimita 6 ko ta ina. Mutane suna ganin kamar ɓarna ce a faɗaɗa rami, alhali wannan gangaren shi ne wurin da sabuwar fiba za ta kama. Facin da aka liƙa a kan rami kamar filasta, karo ɗaya da kututture ya ishe shi.

Goge da asiton, ka bar shi ya bushe. Toshe bayan ramin da kwali da ka lulluɓe da leda. Yanka tabarmar fiba falle-falle, daga babba mai rufe gangaren duka zuwa ƙarami, ka jera su kusa da hannunka kafin ka taɓa rezin, domin da zarar ka kwaɓa, agogo ya fara gudu.

Ma'aunin hadina kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya na rezin. Da sirinji ake aunawa, ba da murfin kwalba ba. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, ka tsaya a kashi 1, kada ka yi ƙasa da haka don ba zai daskare da kyau ba, kuma ka yi aikin bayan sallar asuba a inuwa. Ni na taɓa kwaɓa rabin lita da azahar, na juya ɗauko rola, kafin na dawo robar ta ɗau zafi tana hayaƙi, burushin ya tsaya cak a ciki kamar an dasa shi. Kofi ɗaya-ɗaya ake kwaɓawa. Tabarma mai giram 450 tana shan kusan kilo ɗaya na rezin a murabba'in mita, da haka za ka ƙiyasta abin da za ka saya.

Shafa rezin a wurin, ɗora falle, ka daddanna da bakin burushi, ba jan fenti ba, har farin ya ɓace ya koma garau. Bi da rola ka kori kumfar iska. Duk inda ya rage fari, iska ce ko ƙishin rezin, kuma nan ne zai fara ɓallewa. Falle uku a lokaci guda sun isa. In ka tara da yawa zafi zai yi yawa ya gasa aikin. In ya daskare, goge tudun, ka cike kwarin, ka bi da samfefa 80, sannan 220.

Abu biyu game da ifoksi da foliyesta, don kada a yi asarar kuɗi. Ifoksi yana kama tsohuwar foliyesta gam, amma foliyesta da jelkot ba sa kama ifoksi da kyau. Sannan tabarmar fiba ta gama-gari an yi ta ne don foliyesta, ita ke narkar da gam ɗin da ya riƙe zarenta. In da ifoksi kake aiki, ƙyalle saƙaƙƙe za ka nema.

Daɓen da ya lotsa hanyarsa ɗaya da allon baya: a yanke, a duba katakan da suka bi tsawon jirgin a ƙarƙashi, a sauya waɗanda suka ruɓe, a mayar da sabon soso, a rufe da filawud da aka shafe gaba da baya.

Fenti

Yanzu ka ɗauko gwangwanayen. Goge jiki duka da samfefa 220 zuwa 320, wanke, goge da asiton, sa fentin share fage, sannan fenti mai haɗi biyu irin na foliyuretan, shafi biyu ko uku marasa kauri. Ranar da hazo ya sauka kada ka yi, in ba so kake jirginka ya yi kaushin samfefa ba. Yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. A daɓe ka barbaɗa ɗan tankaɗaɗɗen yashi a kan ɗanyen fenti, ka sake shafawa a kai, don kada jiƙaƙƙiyar ƙafa ta zame. Jirgin da ke kwana a tirela ba ya buƙatar fentin nan mai tsada na hana gansakuka.

Mataki na huɗu: injin

Injin da ya daɗe a ajiye ba a fizgar igiyarsa haka kawai. Cire fulogi, ɗiga ɗan man inji a kowane rami, ka juya kan injin da hannu a hankali. In ya juya sumul, sai a auna ƙarfin matsin silinda da geji. Abin dubawa shi ne silindojin su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta faɗi warwas, aikin buɗe inji ne, ka yi lissafi kafin ka ci gaba da zuba kuɗi.

Zubar da tsohon fetur, wanke tanki, sauya tiyon mai idan ya ƙandare. Ƙwallon robar da ake matsawa don jawo mai yana da kibiya a jikinsa, kibiyar ta kalli inji. Kafireta a kwance ta a wanke, a hura ƙananan ramukanta da iska; kada a soka musu waya, faɗinsu a aune yake.

Injin jirgi ba shi da lagireto, ruwan da yake tafiya a kai yake zuƙa ya sanyaya kansa. Mai zuƙar wata ƙaramar farfela ce ta roba a cikin ƙafar injin. In ta daɗe a zaune fikafikanta suna ƙandarewa su karye. Kada ka tsaya duba lafiyarta, sauya ta kawai, kuma ka riƙa sauyawa duk shekara ɗaya ko biyu. In ka tarar wani fiffike ya ɓalle, nemo guntun, yana can ya toshe hanyar ruwa. Kuma kada ka taɓa tayar da injin a busashe, ko na daƙiƙa kaɗan ne, robar ƙonewa take. A gida, cika durom da ruwa har ya rufe ramukan shan ruwan da kyau, ka tayar da shi a ciki ba tare da sa giya ba.

Da ya tashi, ido a kan fitsarin injin, siririn ruwan nan da ke tsartowa ta gefe. In babu, kashe nan take. Sau da yawa ba wata babbar matsala ba ce: zanzaro ne ya samu rami ya yi gininsa na laka. Zaren kamun kifi mai kauri ya isa ya buɗe shi.

Man giya yana da noti biyu a ƙafar injin, sama da ƙasa. Kwance su ka tara man a faranti. In ya fito kamar madara ko koko, ruwa na shiga, sil ya mutu. Zare farfelar waje ka duba sandarta, galibi za ka tarar da zaren fatsa ko na raga ya nannaɗe ya yanka sil ɗin. Sabon mai, lamba 90 na injin jirgi, ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, a rufe na sama tukuna, sannan na ƙasa, da sababbin washa, wato zobban da ke ƙarƙashin kan notin. Shafa giris a sandar, mayar da farfela da sabon fil.

Injin da ake haɗa wa fetur da mai, irin wanda ya fi yawa a kogunanmu, ma'aunin da aka fi bi 50 da 1 ne: mililita 20 a kowace lita, rabin lita a tankin lita 25. Duba abin da aka rubuta a jikin naka, ka bi shi. Man kuma ya zama mai alamar TC-W3, ba na babur ko janareta ba.

Wajen mayar da injin, faffaɗan farantin da ke saman farfela ya yi daidai da ƙasan jirgin. Ƙafar inji iri biyu ce a ƙananan jirage, gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20. Ka auna allonka kafin ka sayi na hannu. Igiyar nan ja da ake ɗaurawa a hannu, wadda ke kashe inji in matuƙi ya faɗa ruwa, ka gwada ta ka tabbata tana aiki.

Mataki na biyar: tirela

A ganina jirgin shaƙatawa ya fi shan wahala a kan kwalta fiye da kan ruwa. Awa biyu zai yi yana yawo a dam, amma ya yi awa uku yana shan duka a ramukan hanya.

Fara da ƙashin tirelar. Bi ƙarfen da guduma. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu daga ciki yake ruɓewa saboda ruwan da ke kwana a ciki. In mai walda zai sauya maka wani sashe, ƙarfe mai buɗaɗɗen gefe ya fi, in kuwa bututu ne a huda masa mafitar ruwa. Duba sifirin da notukan da suka riƙe aksil. Katakan da jirgin ke kwanciya a kai a lulluɓe su da kafet, kuma su kai har ƙarƙashin allon baya, su ɗan zarce ma. In suka gaza, nauyin inji yana rataye a iska, da sannu ƙasan jirgin zai lotsa, allon da ka sha wahala a kai ya tsage.

Boris shi ne ya taɓa kwantar da ni a hanyar Zariya, ina komowa daga Tiga da yamma. Na ji wari, na tsaya, sai ga hayaƙi daga tayar hagu, giris ya narke yana ɗiga, tayar tana rawa. Dalilin mai sauƙi ne. Na iso da safe cibiyar taya da zafinta, na tura ta ruwa kai tsaye, iskar ciki ta yi sanyi ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta bakin sil. Ruwa da giris ba sa zama wuri ɗaya. Tun daga ranar in na isa bakin ruwa sai na ba ta minti 15 ta huce.

Ga yadda ake yi musu. Ɗaga tayar da jak, ka kama sama da ƙasa ka girgiza; in tana kaɗawa ko tana gurnani in ka juya, buɗe. Cire murfi, zare fil, kwance noti, fitar da boris na waje da na ciki, wanke da kananzir. In ka ga tabon tsatsa, ƙwarzane ko shuɗin ƙuna, sauya shi tare da zoben da yake gudu a kai. Cusa giris na ruwa da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, sa sabon sil. Ɗaure notin kana juya tayar har ya kama, sassauta shi, ka sake ɗaurewa da yatsu kawai, sannan sabon fil. Ka ajiye boris saiti ɗaya da giris a but ɗin mota kullum.

Tayar tirela ba ta cinyewa, tsufa take yi a rana. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Wadda ta wuce shekara 6 ko gefenta ya tsattsage, a sauya ko da zanenta na nan kamar sabo. Safaya dole ce.

Ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota shi ma ba girma ɗaya ba ne. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai inci 2 da kuma inci 1 da 7/8. Tunda motocinmu da tirelolinmu daga ɓangarorin biyu suke zuwa, ana yawan samun kan tirela mai faɗi a kan ƙaramin ƙwallo. Zai zauna kamar lafiya, sai an faɗa rami ya tsalle. Karanta lambar da aka buga a jikin kowanne. Bayan ka kulle, sa fil a makullin, ka gwada ɗaga wuyan tirelar; in bayan motar ya biyo shi, ya kama. Sarƙoƙi biyu a gicciye su ƙarƙashin wuyan, yadda in ya kuɓuce zai faɗa kansu, ba ya caki kwalta ba.

Nauyin da ke kan ƙwallon ya zama kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na jimillar kaya. Jirgi da inji da tirela in sun kai kilo 600, kana neman kilo 30 zuwa 60, ni nakan fi son kusa da na sama. Sikelin auna mutum ya isa: ɗora guntun katako a kansa, ka sauke wuyan tirelar a kai a daidai tsayin ƙwallon. In ya yi sauƙi da yawa tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya a guje, sai a matsar da jirgin gaba kaɗan.

Ɗauri wuri uku ne: igiyar winci, wato abin naɗe igiya da ke gaban tirela, a zoben hanci tare da sarƙar ko-ta-kwana, da bel biyu a baya masu danne jirgin a kan tirela. Injin a ɗaga shi kaɗan a tokare ƙafarsa da sanda zuwa jikin tirela, don kada ya riƙa fizgar allon a kowane rami. Fitilun baya, na birki da sigina, a gwada su kafin a fita daga gida. Jami'an kiyaye haɗurra za su tambaya, direban da ke bayanka kuma ya fi su buƙata.

Mataki na shida: hanya da bakin ruwa

Daga Kano zuwa dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, tafiyar kusan kilomita 70 ce. Kada ka wuce kilomita 80 a awa, ka ninka tazarar da ka saba bari, ka buɗa kwana sosai. Bayan kilomita 10 na farko tsaya ka taɓa cibiyar kowace taya da bayan hannu, ka ƙara matse bel. Ɗumi ba laifi, zafin da ba za ka iya riƙewa ba laifi ne. In tirela ta fara rawa, ɗage ƙafa daga totur ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taka birki da ƙarfi.

Ribas da tirela a filin ƙwallo ake koyonsa, ba a bakin ruwa mutane na kallo ba. Sa hannu a ƙasan sitiyari; inda hannun ya nufa, can bayan tirelar zai nufa. Kaɗan-kaɗan. In ta karkace, ja gaba ka miƙe ka sake.

Yayin da boris ke hucewa, ka yi shirinka nesa da gaɓa. Toshiyar ramin baya ita ce farko, ka sa ta, ka sake dubawa. Babu mai jirgin da bai taɓa mantawa da ita ba, kuma ba a gane kuskuren sai ruwa ya kai idon sawu. Kwance bel ɗin baya, cire sandar inji, zare wayar fitila, ɗaura doguwar igiya a hanci. Igiyar winci kuwa tana nan a ɗaure har sai bayan jirgin ya taɓa ruwa. Loda rigar ruwa ta kowa da kowa, har da ta yara daidai jikinsu, da filafili biyu, anga, robar kwarfar ruwa, fulogi da fil ɗin farfela na ko-ta-kwana. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta rigar ruwa ta kuma hana tafiyar dare.

Yawancin wurarenmu babu gangaren siminti, gaɓa ce ta laka ko tsakuwa. Sauka ka taka ta da sanda kafin ka tura mota, ka tambayi masunta inda ƙasa ke da tauri da inda kututturan itatuwa ke ɓoye, don dam ƙasar daji ce da ruwa ya cinye. Fitar da kowa daga motar, sauke gilashi. Tayoyin bayan mota kada su shiga ruwa. In gangaren bai da zurfi, a kwance tirelar a sauke ta da igiya mai ƙarfi, motar na kan tudu. Ja birkin hannu, sa dutse a bayan taya. Kuma kada ka daɗe tsaye a ruwan gaɓa babu dogon takalmin roba, musamman inda ciyawa take, don nan ne ake ɗaukar tsargiya.

Fitar farko ta gwaji ce. Minti 10 a ɗaure a gaɓa, kana leƙa ƙarƙashin daɓe da gindin allon baya ko akwai tsattsafi, kana kallon fitsarin inji. Sannan zagaye kusa da gaɓa, kai da mutum ɗaya. Iyali sai fita ta biyu.

Da ka fito da shi, tun a gaɓa ka cire toshiya, ka tsince kainuwa da kacalla da suka maƙale a aksil da farfela, kada ka kai su wani ruwan. A gida zare tiyon mai ka bar injin ya shanye abin da ke kafireta a cikin durom, ka ajiye shi a tsaye, ka manna ɗan salatif a ramin fitsarin saboda zanzaro. Ɗaga hancin jirgin sama da bayansa, rufe shi da tamfol ta yadda iska za ta ratsa, ka rataye toshiyar a jikin makullin mota.